Da Sauƙi Nake Cewa, Kunnena Yana Mutuwa

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, ban taɓa kawo wa raina wata rana nawa zai shigo ba. Ba zan faɗi sunana ba, don wanda ya san ni zai gane ni ko ban faɗa ba. Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne ɗan shekara arba'in da tara, ina haya a Kwaciri da matata, 'ya'yanmu mata biyu duk suna gidajen mazajensu. Sana'ata gyaran keken ɗinki, tun ina saurayi, kuma ina da ɗan shago a bakin Sabon Gari ta wajen da teloli suka yi yawa. In gaya maka gaskiya, ba hannuna ne ya yi min suna ba, kunnena ne. Tela zai kawo kan keke a bayan babur yana ta zuba bayani, sai in ce masa ya yi shiru ya juya min shi kawai. Juyi uku na faɗa masa inda ciwon yake, ko bobin ne ya cinye, ko allura ce take gogar ƙarfe, ko mai ne ya bushe a ciki. Har fariya nake yi, ina cewa masu kwance keke kafin su san ciwonsa mahauta ne ba masu gyara ba. Allah ya yafe min, a lokacin bakina ba shi da linzami.

Ciwon ya fara ne da jini a fitsari. Na ɗauka tsargiya ce irin wadda muka yi muna yara, na yi ta shan jiƙe-jiƙe wata da watanni. Wanda ya tasa ni gaba zuwa asibiti abokina ne, wani Ibo mai sayar da kayan keke a layinmu. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa gishiri, kuma fiye da shekara ashirin muna cin abincin rana a benci ɗaya. Shi ya ce min in ban tashi mun tafi ba zai rufe shagona da kwaɗonsa ya jefa makullin a kwata. Bayan gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne a mafitsara. Aka yi min aiki, sannan aka ce saura magani mai ƙarfi da ake sakawa ta jijiya, wanda suke kira kemo, kashi shida, ana hutawa tsakanin kowane kashi. Likitan bai ɓoye min komai ba, wannan kam zan shaide shi har gaban Allah. Ya ce zan yi amai, gashi zai iya zuba, za su riƙa duba ƙodata, kuma irin maganin da za su ba ni yana iya taɓa kunne. Ya rubuta wata takarda ya miƙo min, ya ce kafin a sa min kashi na farko in je ɓangaren kunne a auna jina, don su san inda yake tsaye tun ba a fara ba, sannan a riƙa maimaitawa ana kwatantawa. Ya ce na'urar tana kama raguwar ji tun mai kunnen bai farga ba, kuma in an kama da wuri akwai abin da za a iya yi.

Ka san me na yi? Dariya ta kusa kuɓuce min. A raina na ce ni za a auna wa kunne, ni da nake jin allura ta karkace daga tsallaken titi? Na dai leƙa ɓangaren, na ga layi har waje, aka ce sai dai in dawo wata rana. Ga azumi ya ƙarato, teloli sun shiga ɗinkin Sallah, kekuna jibge a shagona. Na ninke takardar gida huɗu na tura ta cikin hulata na kama hanya. Ranar da za a fara maganin, nas ɗin da ke kula da ni ta tambaye ni sakamakon, na ce layi ne ya hana ni amma sati mai zuwa zan je. Ba su so a ja lokaci da ciwo irin wannan, sai suka sa min ruwan bisa alkawarin da na yi. Da na dawo kashi na biyu ta sake tambaya, na dube ta ido da ido na ce na yi gwajin, sun ce lafiya lau, takardar ce na manta a gida. Ƙarya tsirara, da furfurata.

Kwana kaɗan bayan kashi na biyu ina shago da rana tsaka, injinan layinmu suna ta ruri, sai wuta ta ɗauke. Kowa ya san wannan ɗan shirun da ake samu kafin masu janareto su tayar. To ni a wurina shirun bai zo ba. Wani siririn fito ne yake tafiya a kunnuwana duka biyun, kamar butar shayi ta tafasa a ɗakin maƙwabta. Na tambayi telan da ke gefena ko yana jin wani abu, ya ce babu. Na sa ɗan yatsa na girgiza kunnen, na yi hamma, na sha ruwa, fiton yana nan. Nan take na tuna maganar likita sarai. Amma kafin in isa gida na gama lallashin kaina cewa rashin cin abinci ne da rashin jini, in na samu ƙarfi zai wuce.

Nas ɗin nan, Allah ya saka mata da alheri, ba ta taɓa fasa tambaya ba. Duk zuwan da zan yi sai ta zauna da takardarta ta bi ni ɗaya bayan ɗaya, amai fa, fitsari fa, ƙafa tana dindiris, kunne yana ƙara, ina jin maganar mutane kamar da. Ni kuma amsata ɗaya ce, da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka aka yi mana tarbiyya. Ka je duba mutum yana kan gargara ka ce ya jiki, zai ce maka da sauƙi, kai ma ba ka jiran wata amsa ban da wannan. Na ɗauki gaisuwar dubiya na kai ta inda ba wurinta ba, gaban wadda take tambaya don ta rubuta a yi aiki da shi. Kuma ina ganin kamar butulci ne, Allah yana ceto raina daga ciwon daji ni kuma in tsaya ƙorafin fito a kunne. Sai dai ba zan laɓe a bayan tarbiyya kaɗai ba, akwai tsoro. Wani dattijo da muke kwanciya gado da gado a ɗakin ƙarin ruwan, wata rana aka ce an dakatar masa da magani saboda ƙodarsa, zuwana na gaba babu shi, aka ce ya rasu. Ban tambayi kowa yadda aka yi ba, ni kaɗai na yanke wa kaina cewa duk wanda ya yi ƙorafi cire shi ake yi daga magani, wanda aka cire kuwa ya tafi. Tun daga ranar na ƙulle bakina tamau.

Matata tana zaune a gefen gadon duk lokacin da ake min tambayoyin nan, kuma ta sani. Ita take ganin yadda nake ƙure rediyo, ita take maimaita min magana sau biyu sau uku. A kashi na uku da na ce wa nas kunne lafiya lau, na ga ta ɗago kai ta buɗe baki za ta yi magana. Kallo ɗaya na yi mata. Ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da murza bakin mayafinta. Mace ce da ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban mutane ba tun da aka kawo ta gidana, kuma na san haka, da shi na yi amfani. A cikin adaidaita muna komawa ta ce min a hankali ko da dai na gaya musu, na daka mata tsawa na ce ita ce likitan ko ni ne yaron. 

An ce min in huta, in nisanci hayaniya mai yawa, amma da na ji ɗan dama sai shago, tsakiyar janareto da injinan surfani. A nan asirina ya fara tonuwa. Keken da na gyara ya dawo, wani ma ya dawo, abin da ba a taɓa yi min ba. Wata rana abokina Ibon nan ya shigo ina gwada wani keke da na gama haɗawa, ina murmushi ina cewa ya ji yadda yake tafiya sumul. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce min keken nan kuka yake yi, ƙarfe yana cin ƙarfe, shi da ba mai gyara ba tun daga ƙofa ya ji. Ya ja kujera ya zauna, ya ce ya lura kwana biyu in ya kira ni ta baya ba na juyowa, kuma bakinsa nake kallo in yana magana ba idonsa ba. Ya tambaye ni ko na gaya wa likita. Ya ce in ina jin nauyi ne shi zai raka ni ya faɗa da bakinsa. Wallahi da na ji kamar ya tuɓe ni a kasuwa. Na ce masa ya tsaya a kan sayar da allurarsa, kunnena ba hajarsa ba ce, kuma daga yau kada ya ƙara sa min baki a rashin lafiyata. Ya tashi ya fita. Na daina zuwa bencin cin abinci, na koma sayen kaya a wani shago mai nisa don kada mu haɗu. Mutumin da ya kai ni asibiti da hannunsa ke nan.

Haka na shanye kashi shida cif ina cewa da sauƙi. Bayan an gama aka yi hotuna, likita ya ce alhamdu lillahi ba su ga ciwon ba, sai dai a ci gaba da bibiya. Yana faɗa yana rubutu, kansa a sunkuye, ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya ba, sai da matata ta taɓa ni na ga tana hawaye tana murmushi. Likitan ya ɗago ya sake magana, na ce na'am, ya sake, na ce na'am. Ya ajiye biro. A ranar, shi da kansa ya sa aka raka ni ɓangaren kunne, babu zancen layi. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki, suka ɗora min abin ji a kai, suka ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. Na zauna riƙe da abin dannawa ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa.

Da na koma da sakamakon na gaya masa gaskiya duka, har takardar da na tura a hula. Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya matso kusa yana magana a hankali don in ga bakinsa. Ya ce abin da maganin ya kashe a can cikin kunne ba ya tsirowa, ba kamar gashin kai ba ne. Ya ce ba zai yi min rantsuwa cewa da na faɗa da kunnena ya tsira gaba ɗaya ba, amma da tun ranar da fiton ya fara na buɗe baki, da sun auna, sun zauna sun duba ko a rage, ko a canza min wani maganin da bai kai wannan cin kunne ba. Na tambaye shi ba cire ni za su yi daga magani ba? Ya ce wa ya gaya min haka? Gaskiya babu wanda ya gaya min.

Mutane suka yi ta zuwa barka. Gashi ya fito, jiki ya murmure, kowa yana cewa na auna arziki, kuma gaskiya ne, ina gode wa Allah. Amma babu wanda ya san inda na koma da zama. Ba wai ba na jin komai ba ne, ina jin ana magana, kalmomin ne ba sa rabuwa, musamman in mutane sun yi yawa. A majalisarmu ta bayan la'asar na koma mai kallon fuskoki, in sun yi dariya in yi, in sun girgiza kai in girgiza. Da farko suna maimaita min, daga baya in na ce me aka ce sai a ce ba komai, a wuce. Ban ga laifinsu ba, hira ba ta jiran mutum. Sannu a hankali na daina zuwa, kuma babu wanda ya aiko ya ji dalili. A masallaci sahun gabana nake bi da ido. Waya kuwa ta zame min abin tsoro, tela zai kira ya yi ta bayani ina cewa to, to, ban san abin da na amsa ba. Teloli suka janye ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe na saki shagon na dawo da kayan aikina gida, ina ɗan taɓa abin da ido da hannu za su iya. Ranar da nake kwashe kaya abokina ya zo ya kama min ɗaukar tebur ba tare da na kira shi ba. Na so in ba shi haƙuri, ya yi wata magana yana dariya, ban ji ba, na yi dariya ni ma, muka rabu a haka.

Mafi ciwo a cikin gida yake. Sirarar muryoyi su suka fara ɓace min, kuma matata muryarta siririya ce, ga ta da sanyin magana. Gidanmu gidan haya ne, ɗaki yana jingine da ɗaki. Don in ji ta sai ta ɗaga murya, ita da ko sunana ba ta taɓa kamawa ba. Ba a jima ba magana ta fara yawo wai tun da miji ya yi ciwo ya rasa sana'a ta raina shi, kullum tana yi masa ihu. Da ta ji haka ta wuni tana kuka. Kuma akwai maganar da ba a faɗa da ƙarfi, damuwar 'ya'ya, abin da ke cin ran mutum, 'yar hirar da miji da mata suke yi ƙasa-ƙasa ba don komai ba. Duk wannan ta daina. Abin da ya rage tsakaninmu ga abinci, ga ruwa, an yi baƙo, yawanci ma da hannu take nuna min. 'Ya'yana suka haɗu suka samo min na'urar da ake maƙalawa a kunne, ta taimaka, ba zan raina ba, in mu biyu ne a ɗaki shiru ina kama mafi yawan maganarta. Amma in na kunna injin keke ƙarar tana sukar kaina, don haka in zan yi aiki cire ta nake in ajiye.

Wata Talata da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakinmu ina gwada wani keke mai mota, irin mai aiki da lantarki, na'urar tana cikin aljihuna. Sai na ga maƙwabciyarmu, wata Babarbariya mai haɗa turaren wuta, ta fito daga ɗakinta a guje ko ɗankwali babu, ta wuce ta gabana. Har na ɗaga mata hannu ina gaishe ta. Da na ga ta doshi banɗaki tana dukan ƙofa sai na miƙe. Da muka ɓalle ƙofar, matata ce a ƙasa. Santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye, ta kasa ko motsawa. Tsakanin inda nake zaune da inda take kwance bai fi taku goma ba. Maƙwabciyar ta ce barci take yi, kiran ne ya tashe ta, kuma ta daɗe tana ji cikin barci kafin ta gane ba mafarki ba ne. Daga baya a asibiti na sa na'urata na matsa kusa na tambayi matata tsawon lokacin da ta yi tana kira. Ta ce ba ta sani ba, ta dai kira Malam har muryarta ta dushe, da ta ga ba zan zo ba sai ta kira ni da sunana, karo na farko a rayuwarta, ko Allah zai sa wannan ya shiga. Sannan ta ce in yafe mata, laifinta ne da ta yi shiru a gaban nas ranar nan. Edita, ita ce take neman gafarata.

Shi ya sa na rubuto. Duk wanda Allah ya jarrabe shi da wannan ciwo, ko yake jinyar mai shi, ina roƙonsa kada ya guji maganin, don shi ya sa nake numfashi yau. Amma in an ce ka je a auna jinka kafin a fara, ka je ko layin ya kai titi, in ba a ce ba kai ka tambaya. In ka ji fito ko shuu a kunne, ko ka ga ka fara kallon bakin mutane, ka faɗa a ranar, kada ka jira kashi na gaba. Da sauƙi amsar 'yan dubiya ce, likita gaskiya yake nema, kuma faɗa masa inda ke ciwo ba rashin godiya ga Allah ba ne. Ke kuma mai jinya, in ya harare ki, ki bar shi ya harara ki faɗa, fushinsa na kwana biyu ne. Ni na hana tawa faɗa, ga inda muka tsaya. Ta warke, tana takawa da sanda, ba ta taɓa yi min gori ba ko sau ɗaya. Amma har yau in za ta shiga wanka, sai ta wuce ni ina zaune a ƙofar ɗaki, ta je ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ta ce ta saurara mata.